Nasihar Juma'a: Ta Wace Ƙofa Magani Ya Shiga, Kuma Mene Ne Hukuncin Azuminka?



Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam ya kyautata halittarsa, ya saukar da cuta ya saukar da magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka, ina yi wa kaina wasiyya da jin tsoron Allah, sannan ina yi muku.

Ya 'yan'uwa Musulmi, iyayenmu da ke kasuwa da iyayenmu mata da ke gida, Sha'aban ya raba tsakiya, azumi yana bakin ƙofa. Allah ya kai mu da rai da lafiya. Duk shekara a irin wannan lokaci, da an idar da sallar Magariba sai mutane su tsaya ni a bakin masallaci. Wannan ya ce, "Malam, allura tana karya azumi?" Wancan ya ce, "Malam, mai ɗakina tana ɗiga maganin ido sau biyu a rana, yaya za ta yi?" Wani kuma ba zai tambaya ba sam, sai ya yanke wa kansa hukunci a rumfa. To wannan na ƙarshen shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Bara, a goman tsakiya, wani dattijo daga cikinmu mai sayar da albasa, ba zan faɗi sunansa ba, asma ta taso masa ana cikin sauke kaya. Hayaƙin tirela ya turnuƙe wurin, ga zafin Ikko da kuka sani. Abin shaƙarsa yana cikin aljihun 'yar-shararsa, amma ya ƙi fito da shi, saboda wani ya taɓa gaya masa wai duk wanda ya shaƙa da rana sai ya yi kaffarar kwana 60. Ya yi ta daurewa tun Azahar, numfashi yana fita da ƙyar, har ya yanke jiki ya faɗi gab da La'asar. Yara suka sa shi a mota, gosulo ya riƙe su a hanya. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Aka sa masa iskar oksijin, aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana huɗu a gadon asibiti, likita kuma ya hana shi sauran azumin. Da na je dubiya, abin da ya fara ce mini shi ne, "Malam, saura fa awa biyu da rabi a sha ruwa." Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Garin tsaron azumi ɗaya ya rasa fiye da goma, ya kusa rasa ransa, kuma hukuncin da ya ji tsoro babu shi a littafi.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida, cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Don haka na zauna da 'ya'yanmu biyu da ke salla tare da mu a nan, ɗaya ma'aikacin jinya, ɗaya masanin haɗa magunguna, suka yi mini bayanin yadda magani yake tafiya a jiki. Ni kuma na koma wa littattafan fiƙihu. Abin da na haɗa ke nan nake kawo muku.

Ƙofar baki

Ku 'yan kasuwa ne, bari in yi muku misali da abin da kuka sani. An yi lodin albasa a Aliero za a kawo ta Mil 12. Mota za ta bi ta Jebba, ta wuce Ilori, ta ratsa Badun. Ga shingaye, ga masu karɓar haraji, ga wadda za ta ruɓe a hanya. Buhun da ya baro gida ba shi ne yake isowa cif-cif ba, kuma ba a ranar yake isowa ba. Haka ƙwayar da ka haɗiya take. Za ta sauka a ciki ta narke, ta gangara ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita 6, a nan ne jiki yake tsotse mafi yawan maganin. Daga hanji kuma jinin ba ya wucewa kai tsaye zuwa sauran jiki, sai ya fara biyawa ta hanta. Hanta ita ce babban shinge. Takan karɓi nata kason ta rusa shi, ragowar ne yake isa inda ciwon yake. Shi ya sa idan ka sha farasitamol sai ka jira kamar minti 30 zuwa awa guda kafin ka ji sauƙi. Masu haɗa maganin sun san da wannan shingen, sun riga sun lissafa shi a cikin adadin da suka ce ka sha. Saboda haka ba naka ba ne ka ƙara.

Kuma abin da ke cikin tumbinka yana da tasiri. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem yana son abinci mai maiƙo ko madara, in ba haka ba jiki ba zai tsotse shi sosai ba. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su ciprofloxacin da tetracycline, su kuma madara da nono ne suke riƙe su a hanji su hana su shiga jini. Ka ga wanda ya kora su da fura da nono a sahur ya yi asarar kuɗinsa. Maganin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ba ya shiri da shayi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da 'yan dako da masu turin baro suke yawan sha, suna cin bangon ciki idan babu abinci, su jawo olsa. Akwai kuma ƙwayar da aka ƙera ta don ta riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, kamar wasu magungunan hawan jini. Idan aka daka ta ko aka tauna, maganin yini guda zai afka wa jini a lokaci ɗaya.

Hukuncin wannan ƙofa a fili yake: duk abin da aka haɗiya da rana, ƙwaya ce ko na ruwa ko jiƙo, ya karya azumi. Amma mara lafiyar da ya sha don lalura bai yi laifi ba. Allah ya ba shi rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ya rama bayan ya warke, kuma a nan ne Ubangiji ya sanar da mu cewa sauƙi yake nufi da mu, ba tsanani ba. Ramuwa ce kawai, rana ɗaya a madadin rana ɗaya. Kaffara tana kan wanda ya keta alfarmar watan da gangan ba tare da uzuri ba.

Azuminmu a nan yana kai awa 13 da 'yan mintoci. Maganin da ake sha sau ɗaya ko sau biyu a rana yakan iya komawa sahur da buɗa-baki. Wanda ake sha sau uku ko sau huɗu ba zai shiga ba. Kada ka haɗa na safe da na rana ka watsa a baki lokacin sahur, ka ce ai duk ciki za su. Je wurin likita tun yanzu a Sha'aban, sau da yawa akwai wani maganin da zai maye gurbinsa. Wanda kuma zazzaɓin cizon sauro ya kayar, maganin nan sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko. Ka ajiye azumin, ka sha shi a kan ƙa'ida, ka rama bayan salla.

Ƙofar allura

Allurar da ma'aikatan lafiya suka fi yi iri uku ce. Akwai ta jijiya, wadda ake zuba maganin kai tsaye cikin jini. Babu hanji, babu shingen farko na hanta, duk abin da aka zuba ya shiga. Zuciya kuwa tana zagaya da jinin jiki gaba ɗaya cikin kamar minti guda, don haka aikinta nan take ne. Kamar tura kuɗi ta waya ne: yana isa yanzu-yanzu, amma in ka tura wa lambar da ba ita ba, ya tafi. Wanda ya haɗiyi abin da bai dace ba, likita yana da ɗan lokacin da zai yi dabara. Wanda aka zuba masa a jijiya, babu mai iya janyo shi. Akwai ta tsoka, a ɗuwawu ko cinya ko dantse, inda maganin yake zama jini yana ɗibarsa kaɗan-kaɗan cikin mintoci. Sai ta ƙarƙashin fata, wadda ta fi su jinkiri, irin ta insulin da masu ciwon suga suke yi. Me ya sa ba a haɗiyar insulin? Domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, ba abin da zai isa jini.

Iyayenmu malamai na da ba su ga sirinji ba, amma sun bar mana ma'auni. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta kan Ishmawi, ya ji cewa abin lura shi ne abin da ya isa maƙogwaro ko ciki, kuma man da aka zuba a rauni mai zurfi ba ya wajabta ramuwa. A kan irin wannan ma'auni malaman zamani suka yi gini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duniya, a zamanta na 10 a Jidda a shekarar 1997, wato 1418 bayan Hijira, ta zauna da likitoci ta yanke cewa allurar magani, ta fata ce ko ta tsoka ko ta jijiya, ba ta karya azumi, in ban da wadda take ciyar da jiki. Saboda haka allurar zazzaɓi, da ta rigakafi, da ta kashe zafi wurin cire haƙori, da insulin, duk ba sa karya azumi. Amma ƙarin ruwa daban ne. Leda ɗaya ta rabin lita ta ruwan suga mai kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da giram 25 na suga. Wannan ci da sha ne ta wata ƙofa. Wanda aka ɗaura wa, azuminsa ya karye, ya rama. Kuma dama wanda jikinsa ya kai ga a ɗaura masa ruwa ai yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame. Amma mai lafiya garau da zai je kemis da Azahar ya ce a sa masa leda ɗaya don ya ji ƙarfi, wannan kansa yake yaudara.

Ga masu ciwon suga ina da magana ta musamman. Cewa insulin ba ya karya azumi ba ya nufin ka ci gaba da yin adadin da ka saba alhali cikinka babu komai. Aikinsa saukar da suga ne, kuma zai saukar ko ka ci ko ba ka ci ba. Likita ne zai daidaita maka adadi da lokaci, ko ya ce maka bana kada ka yi azumi. Tsira yatsa don auna suga ba ya karya azumi, ka riƙa aunawa. Likitoci sun ce idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar da muka saba da ita, a sha ruwa nan take. Haka idan ka ji rawar jiki, da gumi mai sanyi, da jiri, da ruɗewa, ko da saura minti goma a kira salla. Idan kuma mutum ya riga ya suma, kada a ɗura masa ruwan suga a baki, zai iya sarƙewa ya tafi huhu. A garzaya da shi asibiti.

Ƙarƙashin harshe

Akwai 'yar ƙwaya da ake ba masu ciwon zuciya, idan ƙirji ya ɗaure sai su sa ta a ƙarƙashin harshe. Wurin yana da siraran jijiyoyi dab da fata, maganin yana ratsawa ya shiga jini cikin minti ɗaya zuwa uku. Da za a haɗiye ta, hanta za ta rusa kusan dukkanta. Ka ga ikon Allah: magani ɗaya, tazarar ɗan yatsa tsakanin ƙofa da ƙofa, a nan ya ceci rai, a can ya tashi a banza. Majalisar da na ambata ta ce wannan ba ya karya azumi matuƙar mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya narke. Alhaji, idan ƙirjinka ya riƙe, zauna ka sa maganinka. In bai saki ba bayan minti biyar, a tafi asibiti, ba a jira buɗa-baki ba.

Ƙofar huhu

Mu dawo kan abin shaƙar masu asma, irin su Ventolin. Fesa ɗaya tana ɗauke da magani maikirogiram 100, wato kashi ɗaya cikin goma na miligiram guda. Yana tafiya kai tsaye ga hanyoyin iska da suka tsuke ya buɗe su cikin 'yan mintoci. Ƙwayar haɗiya ba za ta yi wannan saurin ba, kuma mai neman numfashi ba shi da rabin awar jira. Gaskiya ne wani ɓangare na feshin yana maƙalewa a maƙogwaro, daga nan ne saɓanin malamai ya taso. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun yi fatawa cewa ba ya karya azumi, domin ba ci ba ne ba sha ba ne, kuma abin da zai iya wucewa ciki bai kai ɗan danshin da ke saura bayan kurkurar baki ba. Wasu malamai, musamman masu bin ma'aunin Malikiyya da ya ce ko hayaƙin turaren wuta ne aka shaƙa ya isa maƙogwaro sai an rama, suna ganin ya shaƙa sannan ya rama ranar.

To ku lura da kyau, jama'a. Saɓaninsu a kan ramuwa ne. Babu malami ɗaya da ya ce ka bar abin shaƙa a aljihu numfashinka yana ɗaukewa, babu kuma wanda ya ɗora maka kaffara. Allah ya hana mu kashe kawunanmu a Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara, aya ta 195. Abin da nake ba da fatawa da shi a wannan masallaci: ka shaƙa, ka ci gaba da azuminka. Wanda asmarsa jefi-jefi take tashi, in ya rama don fita daga saɓani ya kyauta. Iskar oksijin kuwa ba ta karya azumi.

Sigari da shisha ba sa cikin wannan rangwame. Su ma ta huhu suke bi, cikin 'yan daƙiƙoƙi sun isa ƙwaƙwalwa, kuma suna karya azumi. Wanda ya iya haƙura da su awa 13 kullum har wata guda, Allah ya nuna masa zai iya rabuwa da su.

Ido, hanci da kunne

Tun muna yara muke jin cewa mai azumi ya yi hattara da kwalli, don akan ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro. Likitoci sun tabbatar da abin da malamanmu suka lura da shi: a kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yar ƙaramar hanya da take kai hawaye cikin hanci, daga nan zuwa maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ta wannan hanya maganin ido yake iya shiga jini, har wani maganin hawan ruwan ido, wato gilakoma, yakan tayar wa mai asma da ciwonsa. In kana da asma ka gaya wa likitan ido. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: bayan ka ɗiga, rufe idon ka danne wannan kusurwa da ɗan yatsa minti ɗaya ko biyu. Maganin zai zauna inda ake buƙatarsa, ba zai gangara ba. Majalisar Jidda ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi idan an kiyaye haɗiye abin da ya sauko. A Malikiyya, in ka tabbatar ya isa maƙogwaro ka rama. Wanda zai iya jinkirtawa zuwa dare ba tare da cutuwa ba, ya jinkirta. Amma mai gilakoma kada ya tsallake ko sau ɗaya ba da izinin likita ba, domin ganin da wannan ciwo ya tafi da shi ba ya dawowa.

Hanci ya fi ido kusa da maƙogwaro. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya umarci sahabinsa Laƙiɗ ɗan Sabira da ya kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala sai fa in yana azumi, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Don haka a nan a fi yin taka-tsantsan. Kunne kuwa dodon kunne ya toshe shi, babu abin da yake wucewa sai idan dodon ya huje.

Dubura da fata

Babu kunya a neman sanin addini. Akwai maganin da ake cusawa ta dubura, jijiyoyin wurin su tsotse shi. Amfaninsa babba ne ga wanda yake amai ko ba ya iya haɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a cusa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 maganin artesunate idan zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, kafin a isa da shi asibiti. Iyaye mata, idan ma'aikacin lafiya ya kawo wannan kada ku ƙi. Amma ku sani taimakon farko ne, dole a ƙarasa asibiti. Ga babba mai azumi, Malikiyya sun ce huƙunar ruwa tana wajabta ramuwa, sun kuma sassauta a kan daskararren abin da ake cusawa. Ibn Taimiyya yana ganin huƙuna ba ta karya azumi.

Abin da aka shafa a fata, man zafi ne ko na ƙaiƙayi ko filastar magani, ba ya karya azumi. Amma kada wani ya ɗauka fata bango ce. Tana tsotsa, a hankali, kullum. 'Yan'uwa mata, mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa, da yawansu akwai sinadarai masu ƙarfi a ciki da suke ratsa fata su shiga jini, su sirantar da fatar, su tayar da suga da hawan jini, wasu su taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Azuminki bai karye ba, amma amanar jikin da Allah ya ba ki fa?

"A yi mini allura"

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Bahaushe in ya je neman magani aka ba shi ƙwaya, gani yake ba a yi masa komai ba. Sai ya ce, "A yi mini allura, ina da kasuwa gobe." A watan azumi abin yakan ƙaru, tunda an ji ba ta karya azumi. Saurin allura ba ya nufin ta fi warkarwa. Ga mafi yawan cututtukanmu na yau da kullum, ƙwaya tana yin aikin da allura za ta yi, da ƙarancin haɗari da ƙarancin kuɗi. An tanadi allura ne don wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko ba ya iya haɗiya, ko maganin da ba ya bi ta ciki. Allurar da aka yi a bayan shago, a hannun wanda bai koya ba, ita ce take zama ƙurji mai ruwa. Ita ce in ta sami jijiyar ɗuwawun yaro take barinsa yana jan ƙafa. Kuma allura ɗaya da aka yi wa mutum biyu tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan. Mu baƙi ne a nan, da yawa iyalinmu suna gida, wani in ya kwanta babu mai ba shi ruwa sai 'yan ɗakinsu. Wannan dalili ne na mu ƙara kiyayewa. In ba ka jin Turanci ko Yarbanci, kada kunya ta hana ka zuwa asibiti, nemi yaro ya raka ka ya yi maka tafinta.

Sannan mu sa ido a kan samarinmu masu acaba da masu dako. Ilimin nan na ƙofofin jiki, Shaiɗan ma ya koya wa mutanensa. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma tiramol da sholisho da allurar maye ba su bar unguwanninmu ba. Duk ƙofar da ta fi saurin kai abu ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama mutum. Yaron da ya tashi daga haɗiya ya koma tsira wa kansa allura ya kai bakin rami. In ka ga tabon allura a hannun yaron shagonka, kada ka kore shi ka ce ka huta. Ɗan wani ne aka ba ka amana. Ka zo mu haɗu mu nema masa taimako.

Abin da za mu yi kafin ganin wata

Duk mai shan magani kullum, na suga ko hawan jini ko asma ko zuciya ko olsa ko farfaɗiya, ya tattara magungunansa a leda ya kai wa likita cikin makon nan. Ya tambaye shi abu uku: zan iya azumi? Yaya zan sauya lokutan shan maganin? Wace alama zan gani in sha ruwa? Allah ya umarce mu a Suratun Nahli, aya ta 43, da mu tambayi ma'abota sani. Likita ya san jiki, malami ya san hukunci, mai rumfar kusa da kai albasa ya sani. Wanda likita amintacce ya ce masa ciwonsa ba na warkewa ba ne kuma azumi zai cutar da shi, ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana, zuciyarsa a sake. Wanda ya wajabta azumin shi ne ya ba da rangwamen, kuma karɓar kyautar Ubangiji ba raunin imani ba ne.

Masu karatu a cikinku, don Allah ku karanta wa waɗanda ba sa iyawa. A kai takardar nan cikin gida, mata su ji. Dattijon da na ba ku labarinsa yana nan cikin sahu, shi ne ma ya ce in faɗa don wani ya tsira.

Ya Allah ka kai mu Ramadan, ka ba mu ikon azumtarsa da tsayuwar dararensa. Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka shirya mana zuriyarmu, ka tsare su daga shaye-shaye. Ka sa albarka a kasuwancinmu, ka kiyaye direbobinmu da ke kan hanya, ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu masu masaukinmu, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mini. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.